Hasashen siffar mataki na biyu ta furotin daga jerin amino asid: wace hanya ta dace da wane aiki?

Mai binciken da ke riƙe da jerin amino asid na wani furotin, yana son sanin inda furotin ɗin ya murɗe, inda ya miƙe, da inda ya saki jiki, yana da hanyoyi huɗu a gabansa a yau, kuma akasarinsu suna samuwa a intanet ba tare da biyan kuɗi ba. Akwai tsofaffin hanyoyin ƙididdiga irin su Chou-Fasman da GOR. Akwai manhajojin da ke fara tattaro dangin furotin, wato sauran furotin masu jeri mai kama da nasa, kafin su yi hasashe, irin su PSIPRED da JPred. Akwai sababbin samfuran da suka koyi tsarin jerin furotin kamar yadda ake koyon harshe, irin wanda NetSurfP-3.0 ke amfani da shi. Sannan akwai hanyar da mutane da yawa ke garzayawa gare ta tun shekarar 2021, wato a hasashi cikakkiyar siffar furotin da AlphaFold, daga baya a karanto siffar mataki na biyu daga cikinta. Kowace hanya tana da wurin da ta fi ƙarfi, kuma wadda ta fi suna ba lallai ce ta fi dacewa da tambayar da ke hannun mutum ba.

Abin da ake hasashe

Siffar mataki na biyu ita ce tsarin da ƙashin bayan furotin ke ɗauka a ƙananan yankuna saboda haɗin haidirojin. Linus Pauling da Robert Corey ne suka bayyana manyan nau'o'inta biyu a shekarar 1951. Na farko shi ne murɗin alfa, wanda ke ɗauke da amino asid 3.6 a kowane zagaye, kuma kowane amino asid yana haɗuwa da na huɗu a gabansa. Na biyu shi ne shimfiɗar beta, inda zaruruwa miƙaƙƙu ke kwanciya gefe da gefe. Duk abin da bai shiga waɗannan biyun ba ana tara shi a rukuni na uku, wato sakakken yanki.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin murɗi da shimfiɗa wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ke bayyana ƙarfi da raunin kowace hanya da za a duba a ƙasa. Murɗin alfa lamari ne na maƙwabta: amino asid ɗin da suka gina shi suna kusa da juna a cikin jerin. Zaren beta kuwa yana iya samun abokin kwanciyarsa a nesa, bayan amino asid hamsin ko ɗari biyu. Saboda haka duk hanyar da ke leƙen ɗan gajeren yanki kawai za ta iya kama murɗi, amma za ta riƙa tuntuɓe a kan shimfiɗa.

Ma'aunan zaɓi

Ma'auni na farko shi ne daidaito, kuma shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ake yawan ruɗa mutane. Ana auna hasashe ne da furotin ɗin da aka riga aka gano siffarsu a ɗakin gwaji aka ajiye a rumbun PDB, wanda aka kafa a 1971 kuma yanzu yake ɗauke da siffofi fiye da 200,000. Manhajar da aka fi amfani da ita wajen fitar da amsar da ake ɗauka a matsayin gaskiya ita ce DSSP, wadda Wolfgang Kabsch da Chris Sander suka wallafa a 1983. Tana raba amino asid zuwa rukuni takwas, sannan a kan dunƙule su zuwa uku. Kason amino asid, cikin ɗari, da hasashe ya dace da su a cikin rukuni uku shi ake kira Q3, na rukuni takwas kuma Q8.

Lambar Q3 ba daga sifili take farawa ba, kuma ba a ɗari take ƙarewa ba. Wanda ya ce kowane amino asid sakakke ne, ba tare da ya yi wani lissafi ba, zai samu kusan kashi 40 cikin 100, domin yawan rukunin ke nan a furotin na yau da kullum. A can sama kuwa, masana sun kiyasta iyakar abin da za a iya kaiwa a tsakanin kashi 88 zuwa 90, saboda furotin biyu 'yan gida ɗaya ma sukan saɓa a bakin murɗi da bakin zare, kuma DSSP da takwararta STRIDE ba sa yarda da juna a kowane wuri. Idan aka duba da wannan idon, tazarar da ke tsakanin kashi 60 da kashi 80 babba ce ƙwarai, amma tazarar da ke tsakanin 84 da 86 ba ta kai a sauya tsarin aiki saboda ita ba, musamman idan ba a kan jerin gwaji ɗaya aka auna su ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da nauyi. Idan furotin ɗin gwaji suna da dangi a cikin waɗanda aka horar da manhaja da su, lambar za ta kumbura, shi ya sa aka saba cire duk jerin da kamanninsa da na horo ya wuce kashi 25. Akwai kuma ma'aunin SOV, wanda ke duba ko an kama yankin gaba ɗayansa a wurinsa, ba amino asid ɗaiɗaiku ba, kuma ga mai son sanin adadin murɗi da zaruruwa da jerinsu ya fi Q3 amfani.

Sauran ma'aunan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai kuɗi, wanda a wannan fanni yawanci yana nufin lokacin kwamfuta, wurin ajiyar bayanai da lasisi. Akwai sauƙin amfani. Akwai ɗorewa, wato ko za a sake samun amsa iri ɗaya bayan shekara uku idan wani ya nemi a maimaita aikin. Akwai kuma haɗari: irin kuskuren da hanyar ke yi, da ko tana sanar da mai amfani idan ba ta da tabbas.

Hanya ta farko: Chou-Fasman da GOR

Peter Chou da Gerald Fasman sun wallafa hanyarsu a 1974, bayan sun ƙirga yawan bayyanar kowane amino asid a cikin murɗi da shimfiɗa a cikin furotin goma sha biyar kacal. Daga nan suka fitar da teburin karkata: alanin, gulutamet, lusin da metiyonin suna son murɗi, balin da aisolusin suna son shimfiɗa, furolin da gilaisin kuwa sukan karya murɗi. Ƙa'idar mai sauƙi ce, har ana iya bin ta da takarda da alƙalami: idan huɗu daga cikin amino asid shida a jere masu son murɗi ne, sai a ɗauka murɗi ya fara, a faɗaɗa shi gaba da baya har sai karkatar ta yi rauni. A 1978 Garnier, Osguthorpe da Robson suka kawo GOR, wadda ke duba taga mai amino asid 17, takwas a kowane gefe, tana lissafa bayanin da kowane maƙwabci ke bayarwa.

Daidaiton Chou-Fasman yana tsakanin kashi 50 zuwa 60, GOR IV ta 1996 kuma tana kaiwa kusan 64. Ba sa cin kuɗi, suna gamawa nan take, kuma babu abin da ya fi su ɗorewa, tunda teburinsu ba ya sauyawa. Haɗarinsu shi ne suna ba da amsa da fuska ɗaya ko sun dace ko sun kuskure, kuma kuskurensu ya fi yawa a zaren beta. Ra'ayina a kansu a fili yake: kayan koyarwa ne masu daraja, domin ɗalibi yana ganin dalilin kowane hukunci da idonsa, amma bai kamata a gina wani gwaji na ɗakin bincike a kansu ba a yau. Har yanzu suna cikin wasu tsofaffin manhajojin nazarin jeri, kuma mutum yana iya amfani da su bai san su ne ke aiki a ƙarƙashi ba, don haka yana da kyau a bincika.

Hanya ta biyu: manhajojin da ke tattaro dangi

A 1988 Ning Qian da Terrence Sejnowski sun gwada ragar jijiyoyin kwamfuta, wato manhajar da ke koyo daga misalai, a kan wannan matsala suka samu kashi 64.3, wato kusan inda GOR ta tsaya. Wannan ya nuna cewa ba wayon lissafi ne ya yi ƙaranci ba, bayanin da ke cikin jeri ɗaya ne bai isa ba. Burkhard Rost da Chris Sander ne suka karya wannan shinge a 1993 da manhajar PHD, wadda ta haura kashi 70. Abin da suka ƙara shi ne dangi: maimakon a ba ragar jeri ɗaya, sai a jera furotin ɗin da 'yan uwansa daga halittu daban-daban, a ga wane matsayi ne ya ƙi sauyawa tsawon zamani, wane ne ke karɓar kowane amino asid, wane ne kuma ba ya karɓar sai amino asid masu gudun ruwa. Siffa ta fi jeri daɗewa ba ta sauya ba, don haka salon sauye-sauyen yana tona siffar. Misali, idan masu gudun ruwa suna bayyana a kowane matsayi na uku ko na huɗu a cikin dangin gaba ɗaya, alama ce ta murɗi mai fuska ɗaya a ciki ɗaya a waje. Idan suna bayyana ɗaya bayan ɗaya da masu son ruwa, alama ce ta zaren beta.

David Jones ya ɗora a kan wannan a 1999 da PSIPRED, yana amfani da manhajar bincike ta PSI-BLAST wajen tattaro dangi na nesa, ya kai kusan kashi 77. Sabar PSIPRED, wato kwamfutar da ake aika wa jeri ta intanet, tana Kwalejin Jami'a ta Landan. JPred kuwa ta ƙungiyar Geoffrey Barton ce a Jami'ar Dundee, kuma bugunta na huɗu na 2015 ya ba da rahoton kashi 82. Daga 2016 zuwa 2019 ragogi masu zurfi suka shigo, irin su DeepCNF, SPIDER3, Porter 5, NetSurfP-2.0 da SPOT-1D, suka tura Q3 zuwa tsakanin 84 da 87, Q8 kuma ya haura 70.

Ga mai jeri ɗaya ko goma, sauƙin wannan hanya ba shi da na biyu: a liƙa jerin a shafin sabar, a jira mintuna, a samu zane mai nuna murɗi da zare tare da lambar tabbaci a ƙarƙashin kowane amino asid. Wannan lambar, wadda ke tafiya daga 0 zuwa 9, ita ce abin da na fi daraja a cikin sakamakon, domin wuraren da ke da 8 ko 9 sun fi matsakaicin daidaito sosai, wuraren da ke da 2 ko 3 kuwa zato ne kawai. Mutane da yawa suna kwafe layin haruffan su bar layin lambobin, alhali rabin amfanin yana can.

Kuɗin yana fitowa ne idan jerin sun kai dubbai. Binciken dangi shi ke cinye kusan dukkan lokacin, kuma yana buƙatar a sauke babban rumbun jeri a ajiye. Wasu daga cikin manhajojin kyauta ne ga jami'o'i amma kamfani sai ya nemi lasisi. Ta fuskar ɗorewa kuwa akwai abin lura: rumbun jerin yana ƙaruwa kullum, don haka amsar bana tana iya ɗan bambanta da ta baɗi ko da manhajar ba ta sauya ba, kuma wajibi ne a rubuta bugun manhaja da ranar rumbun. Babban haɗarin shi ne furotin maraya, wanda ba shi da dangi a rumbun, kamar wasu furotin na ƙwayoyin bairos ko waɗanda aka ƙirƙira a ɗakin gwaji. A irin wannan hali daidaiton yana gangarowa sosai, domin ginshiƙin hanyar ya gushe. S4PRED, wadda Lewis Moffat da David Jones suka fitar a 2021, an gina ta ne domin wannan giɓi, kuma tana kaiwa kusan kashi 75 daga jeri ɗaya tilo.

Hanya ta uku: samfuran harshen furotin

Ana horar da waɗannan samfuran ne a kan miliyoyin jeri ta hanyar ɓoye wasu amino asid a ce su cike gurbin. Ba a nuna musu siffa ko ɗaya a wannan matakin, amma domin su iya cike gurbin dole su koyi abin da ke tafiya da me, kuma a cikin haka sai bayanin dangi ya zauna a cikinsu. Daga baya sai a ɗora ƙaramar raga a kansu ta karanto siffar. Fitattun su ne ProtT5 na ƙungiyar Rost da kuma samfuran ESM. NetSurfP-3.0, wadda Jami'ar Fasaha ta Denmak ta fitar a 2022, ta maye gurbin binciken dangi da ESM-1b, ta riƙe daidaiton bugun da ya gabace ta, lokacin aikin kuma ya ragu fiye da sau ɗari. Tana kuma ba da hasashen yadda kowane amino asid ke fuskantar ruwa da yankunan da ba su da tsayayyiyar siffa.

Wannan saurin shi ne hujjar zaɓar su. Wanda ke son bi ta kan dukkan furotin na wata halitta zai gama a cikin sa'o'i abin da a da yake ɗaukar makonni, muddin yana da kwamfuta mai GPU, wato na'urar da ke hanzarta irin wannan lissafi. Sai dai akwai zaton da ya kamata a gyara: rashin binciken dangi a lokacin hasashe ba ya nufin samfurin ya daina dogara da dangi. Ya haɗiye su ne tun lokacin horo, kuma furotin ɗin da gidansa ba shi da yawa a cikin bayanan horo yana samun hasashe mafi rauni a nan ma. Akwai kuma iyakar tsawo, domin ESM-1b ba ya karɓar jerin da ya wuce amino asid dubu da 'yan kai a lokaci ɗaya, sai an yanka shi. Ɗorewarsu kuwa tana da kyau idan an sauke samfurin an ajiye, tunda ba ya dogara da rumbu mai sauyawa.

Hanya ta huɗu: a hasashi cikakkiyar siffa, a karanta da DSSP

AlphaFold2 na kamfanin DeepMind ya yi fice a gasar hasashen siffar furotin ta CASP karo na 14 a 2020, aka wallafa shi a 2021, kuma Demis Hassabis da John Jumper sun raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2024 da David Baker. Rumbun da DeepMind ya gina tare da cibiyar EMBL-EBI ya haura siffofi miliyan 200 a 2022. Ga furotin ɗin da ke cikin rumbun, aikin ya zama saukewa kawai a bi da shi ta DSSP, kuma abin da ake samu ya wuce abin da sauran hanyoyi uku ke bayarwa: ana ganin wane zare ne ya kwanta kusa da wane, da ko suna fuskantar gefe ɗaya ko suna saɓawa. Matsalar nisa da ta addabi hasashen shimfiɗar beta tun 1974 a nan ta fi samun magani.

Idan furotin ɗin ba ya cikin rumbun, kuɗin yana hawa. Cikakken girki na AlphaFold2 yana buƙatar GPU da wurin ajiya fiye da terabayit biyu. ColabFold, wata hanyar gudanar da AlphaFold2, ya rage wannan nauyi ta hanyar saurin binciken dangi da manhajar MMseqs2, amma har yanzu ana maganar mintuna ga kowane furotin, ba daƙiƙoƙi ba. Haɗarin da ya fi damuna shi ne kyawun hoton. Samfurin yana zana kowane yanki, har da wanda bai san komai a kansa ba, DSSP kuma ba ta tambayar tabbaci, tana karanta abin da aka ba ta ne. Dole a haɗa sakamakon da pLDDT, lambar tabbacin da AlphaFold ke bayarwa, mai tafiya daga 0 zuwa 100: sama da 90 abin dogaro ne sosai, ƙasa da 70 a yi hattara, ƙasa da 50 kuwa sau da yawa alama ce ta yankin da ba shi da tsayayyiyar siffa. Haka nan yankin da ke murɗewa kawai idan ya haɗu da wani furotin yana iya fitowa a murɗe, alhali shi kaɗai a cikin ruwa sakakke ne.

Hanya | Q3 a kiyasce | Lokaci ga jeri ɗaya | Abin da take buƙata | Babban haɗari
Chou-Fasman, GOR IV | 50 zuwa 64 | nan take | kowace kwamfuta | kuskure a zaren beta, babu gargaɗi
PSIPRED, JPred da ragogi masu zurfi | 77 zuwa 87 | mintuna | sabar intanet, ko babban rumbun jeri | furotin maraya
Samfuran harshe | kusan daidai da na sama | daƙiƙoƙi | GPU idan jerin suna da yawa | gida mai ƙarancin wakilci, dogon jeri
AlphaFold2 da DSSP | mafi kusa da iyaka inda pLDDT ke sama | nan take idan yana rumbu, mintuna ko sa'o'i idan babu | GPU da wurin ajiya | ɗaukar yanki mai rauni a matsayin gaskiya

Abin da babu hanyar da ta tsira daga gare shi

Dukkan hanyoyin suna ba da amsa ɗaya ga kowane matsayi, alhali wasu jerin suna da fuska biyu. Kabsch da Sander sun nuna tun 1984 cewa amino asid biyar iri ɗaya suna iya zama murɗi a wani furotin, su zama zare a wani, kuma furotin ɗin da ke taruwa su zama dunƙulen zaruruwa da ake kira amiloid suna sauya siffa zuwa shimfiɗar beta a cikin wani yanayi. Haka kuma babu ɗaya daga cikinsu da za a dogara da ita wajen gano tasirin sauya amino asid guda ɗaya, domin ƙarfin dangi yana danne wannan ƙaramin sauyin. Sannan duk wanda ke aiki da jerin da ba a wallafa ba, ko wanda ake shirin neman haƙƙin mallaka a kansa, ya tuna cewa liƙa shi a sabar jama'a fitar da shi ne daga hannunsa.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Kafin komai, a bincika PDB. Idan an riga an gano siffar furotin ɗin ko ta ɗan uwansa na kusa a ɗakin gwaji, a karanta ta da DSSP, babu buƙatar hasashe.

Mai furotin ɗaya sananne da yake son yanke shi gida-gida, ko zaɓar inda zai saka alama ba tare da ya karya murɗi ba, ya fara da rumbun AlphaFold, ya duba pLDDT, sannan ya gwada da PSIPRED ko JPred. Inda biyun suka yarda, ya ci gaba da aikinsa. Inda suka saɓa, ya ɗauki yankin a matsayin wanda ba a tabbatar ba, ya kauce wa yanka a cikinsa. Mai jeri dubbai da ke son taƙaitaccen bayani a kan kowanne, ko yake son shigar da hasashen cikin wani lissafi na gaba, samfurin harshe ne ya dace da shi, kuma kashe lokacin GPU wajen gina cikakkiyar siffa domin a fitar da haruffa uku daga cikinta asara ce. Mai furotin maraya ko ƙirƙirarre ya haɗa S4PRED da samfurin harshe, ya rage yawan dogaronsa da sakamakon, kuma idan yana da furotin ɗin a hannu ya auna shi da CD, wato gwajin yadda furotin ke shan haske, inda murɗin alfa ke nuna kansa da kwari biyu a nanomita 208 da 222. Mai furotin ɗin da ke ratsa fatar tantanin halitta ya ƙara da manhaja ta musamman irin DeepTMHMM, mai zargin yanki marar tsayayyiyar siffa kuma ya ƙara da IUPred ko DISOPRED. Mai jerin sirri ya sauke manhajar ya yi aikin a kwamfutarsa bayan ya karanta sharuɗɗan lasisi. Malamin da ke gabatar da fannin ga ɗalibai kuwa ya sa su bi ƙa'idar Chou-Fasman da hannu a kan ƙaramin furotin mai murɗi da shimfiɗa, kamar yubikwitin mai amino asid 76, sannan su kwatanta amsarsu da ta PSIPRED da kuma ta DSSP a kan siffar da ke PDB.